Gangar da Ke Cikin Fiyano

A ƙauyenmu, idan ka hau jigawar bayan coci ka duba, ba za ka ga taki ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi ba. Gona ta haɗe da gona, gida ya jingina da gida, har inda ido ya gaji ta wajen Shanono. Gonar da mahaifina ya bar mana, in ka yi atishawa a wannan iyakar, na waccan iyakar zai ce maka sannu. Shi ya sa tun ina saurayi na ƙudurta fita. Kawuna, ƙanen Inna, yana da rumfar hatsi a Dawanau, kuma ya yi mini alkawarin wuri a gefensa. Yau furfura ta fara leƙo mini a gemu, ina nan inda nake. Abin da ya riƙe ni kuwa wani tsohon fiyano ne.

Wata coci ce a birni ta yi sabo, ta aiko wa tamu da tsohon. Mutum biyu suka sauke shi daga bayan a-kori-kura suna nishi, don jikinsa ƙarfe ne zalla, launin toka, gefe guda ya lotsa. Abubuwan da ake dannawa, waɗanda mu muke kira haƙora, duk sun dafe. Yana da ɗan gilashi mai koren haske a goshi, da wani siririn rami a gefe. An haɗo shi da 'yan faifai a cikin leda, masu kusurwa huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Da yake ni ne na gama sakandare kuma ba ni da aikin yi sai noma, Fasto ya ce in ji da shi.

Halinsa na farko da na gane shi ne mantuwa. In ka kunna shi, bebe ne, ko ka danna haƙoran duka ba zai ce uffan ba. Sai ka zura faifai a ramin nan, ya yi ta gurnani yana tuƙa, kai kuma ka yi ta jira, kafin ya kwashe sautin da ke kan faifan ya zuba a cikinsa. Daga nan kana iya cire faifan, zai ci gaba da magana muddin akwai wuta. Da zarar wuta ta yanke, shi ke nan, ya manta komai, sai an sake daga fari. Kuma cikinsa ba ya ɗaukar abin faifai biyu a lokaci guda. Da na yi wa Fasto wannan bayani, dariya ya yi ya ce, "Ashe irin mutanena aka aiko mini. Abin da na zuba musu ran Lahadi ba ya kai Litinin."

Na daɗe ina buga wa mawaƙa shi kafin in lura da wani ƙaramin rami a bayansa, na makirfo. Ashe shi ba maimaita abin da aka ba shi kawai yake yi ba, yana ɗaukar murya da kansa. Zakaran gidanmu na fara ɗauka. Carar ta zauna a haƙorin tsakiya daidai yadda take. Da na bi hagu, sai ta yi nauyi, ta ja, har ta koma kukan bajimi. Da na bi dama, sai ta zama ɗan tsako mai gaggawa. In ka taɓa a hankali ya yi raɗa, in ka doka ya yi tsawa. Ba ya ɗaukar dogon zance, iyakarsa abin da mutum zai faɗa a numfashi guda, amma kana iya yayyanka cikinsa ka ba kowane haƙori nasa rabon. Kuma yana ƙara wa kowace murya wani ɗan kaushi mai daɗi, irin bambancin tuwon tukunyar ƙasa da na tukunyar ƙarfe. Sababbin fiyano na yanzu da yaro zai rataya a kafaɗa, na ji su, tas suke kamar ruwan leda, amma ba su da wannan.

A lokacin muna da makaɗin noma guda ɗaya, tsoho tukuf, kowa Baba yake ce masa. Bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, yana nan kan abin da ya tarar da iyayensa suna yi, kuma ba wanda ya taɓa ƙin gangarsa saboda haka. A wurinmu, in aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya. Maza su jeru da garma, masu zuwa coci da masu salla da irin su Baba, kafaɗa da kafaɗa, shi kuma yana binsu a baya da ganga. Kowane gida yana da takensa. In ya ga wani ya fara sanyi, sai ya juya kiɗan zuwa taken gidansu, ya kwarara masa kirarin kakansa. Na sha ganin mutumin da ya kusa faɗuwa ya miƙe ya wuce na gabansa.

Na je na roƙe shi ya bar ni in ɗauki gangarsa. Ya ce shi ba ya shiga ɗakinmu na ibada, in ina so in kawo abin nawa gindin ɗorawa. Haka na ɗora fiyano a amalanke, da batir ɗin mota da inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, na kai masa. Na share faifai guda na sautin wasu sarewar Turawa da ba mai so, don ba ni da wani, kuma tun a lokacin an daina sayar da irinsu. Baba ya shanya gangarsa a rana tukuna har fatar ta ɗaure, sannan ya rataya. Na ce ya fara da taken sarkin noma. Ya harare ni.

"Yaro, makaɗi ba ya farawa da masu rai. Su suna da bakin da za su yabi kansu."

Sai ya buga taken gidanmu, ya ɗaga murya ya kira mahaifina, wanda ya rasu ina firamare: "Na gaba ba ya waiwaye, mai garma ta fi ƙofa faɗi!" Wannan shi ne abu na farko da ya shiga, shi ya sa ya zauna a haƙorin farko na hagu. Daga nan muka bi gida-gida, da bugun ganga mai nauyi da mai kaifi, kowanne da haƙorinsa. Da muka gama na danna masa. Ya ji muryarsa ta fito daga lasifika, ya taɓa maƙogwaronsa.

"To," ya ce, "ka ɗauka ke nan. Ka san dai abin da ka ɗauka?"

Na ce na sani. Ƙarya nake yi, ni dai wasa ne ya yi mini daɗi.

Bai ga damina ta gaba ba. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji kiɗa, ɗaya yana tuƙa keke a birni, ɗaya ya ce shi ya bar waɗannan abubuwa. Gangar ta zauna a rataye har ɓera ya gama da fatarta. Gayyar farko da aka yi babu kiɗa, kamar zaman makoki aka je, kafin azahar kowa ya fara tuna yana da uzuri a gida. Sai ni da iyayina na ce bari in nuna musu abin mamaki. A gayya ta biyu na turo amalanke bakin gona, na zura faifan Baba, na doka. Garma ta tsaya cak a hannun kowa. Wani dattijo ya cire hula. Sai na ga wanda ke ƙarshen layi ya fara lanƙwasa, na danna taken gidansu, muryar Baba ta kira kakansa. Mutumin nan ya yi wani irin ihu ya afka wa ƙasa. Ranar an gama gonar da sauran rana.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Da yamma dattawa suka ce gado ya sami magaji. Na ce ni ba ɗan makaɗa ba ne, na'ura ce. Suka ce wanda Baba ya ba murya shi ya ba ganga. Da kaka ta yi, sai ga dammunan gero a ƙofar gidanmu, kowane gida da nasa, yadda ake kai wa Baba. Rumbunmu bai taɓa cika irin na shekarar ba, muka kuma ci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk da haka ban ji an ɗaure ni ba, don na ga mafita. Na kama wani daga cikin mawaƙan coci, magidanci mai kunnen kiɗa, na koya masa zura faifai da inda taken kowane gida yake. Ya iya daidai gwargwado. Na aika wa Kawu cewa da an yi gayyar ƙarshe ta wannan damina zan taho. Na gaya wa Inna. Ni ɗan fari ne, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta taɓa nuna ta san abin da nake ciki ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar gayyar ƙarshe ta faɗo cikin marka. An kwana biyu ana yayyafi, lasifikar ta sha danshi. Da safe na kunna fiyano a tsakar gida, na zura faifan, na gwada, na ji kiɗan ya dushe. Na yi tsaki na ce gangar nan ta yi sanyi. Na cire faifan na ajiye a taga don kada laima ta same shi a gona, na tura amalanke da fiyanon a kunne. Kafin hantsi gari ya washe, rana ta buɗe da ƙarfinta, lasifika ta bushe, kiɗa ya dawo daidai. Ina bugawa ina jin daɗi, don a raina bankwana nake yi.

Da azahar mata suka kawo fura, Inna tana cikinsu. Ta ajiye ƙwarya, maimakon ta juya kamar yadda ta saba, sai ta ɗan tsaya kusa da amalanken tana kallon wani wajen.

"Kai wannan," ta ce, "na ji da safe kana cewa gangar ta yi sanyi. Na shanya maka ita."

"Wace ganga, Inna? Ga ta nan ina bugawa."

"Wadda ka ce tana cikin ɗan faifan nan. Na ɗora ta a kan kwanon ɗaki tun hantsi, ta sha rana sosai. Ai haka marigayi Baba yake yi wa tasa."

Akwai ɗan murmushi a gefen bakinta. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta taɓa wani abu nawa don ta taimake ni. Ba laifinta ba ne. Ni na yi ta gaya wa kowa cewa gangar Baba tana cikin faifan, kuma duk wanda ya tashi a garinmu ya san maganin gangar da ta yi sanyi.

Na zuba a guje. Faifan yana kan kwano, ya lanƙwashe kamar busasshiyar kuɓewa, zafinsa ko taɓuwa ba ya yi. Ina tsaye da shi a hannu sai na tuna an kusa tashi daga gona, kuma na koya wa mawaƙin cocin nan cewa in an gama a cire waya daga batir. Gudun da na yi na komawa ya fi na zuwa. Na tarar da shi a duƙe, hannunsa a kan wayar. Na daka masa tsawar da har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Muka turo amalanken gida a hankali, ni ina riƙe da kan batir, ɗan koren hasken nan yana ci.

Da sauran dabara ɗaya, in kwafe abin da ke cikin fiyanon a kan wani faifan coci. Amma zuciya ta ce in fara gwada na Baba, ko Allah zai sa ya karanta. Na tura shi da ƙarfi ya shige, ya maƙale. Na'urar ta yi wani kuka, ta yi shiru. Da filaya na zaro shi. Daga ranar ramin nan bai sake juya faifai ba, ba ya karantawa, ba ya rubutawa. Garin neman gira na rasa ido. Muryar Baba da taken kowane gida suka rage a wuri ɗaya tak a duniya, cikin abin da ke manta komai in wuta ta ƙifta.

Tun daga ranar ba a kashe shi ba. Gari ya haɗu aka sa mini sola a kan ɗaki, aka ƙaro batir. Na koyi haɗa sabo kafin in cire tsoho. In hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, sai in ɗaure ɗaya a bayan babur in kai caji Bici, ina tafe ina lissafin abin da ya rage a wanda na bari. Coci ta yi 'yan makonni tana waƙoƙin yabo da gangar noma, tsofaffin mata suna jin daɗi, Fasto yana haɗa rai, har aka samo musu sabon fiyano mara nauyi. Tsohon ya tare a ɗakina, a kan benci, na lulluɓe shi da zane saboda ƙura da kaji. Biki in ya wuce yini ba na zuwa. Jana'izar kakata ta wajen uwa, a tsaye na yi gaisuwa na juyo.

Kada a ce ban nemi hanya ba. Na ɗauki sautin duka a waya, na kai gona. Waya ba ta ganin wanda ya gaji. Tana kiran gidan da ke gaba alhali na baya ne ke neman ɗauki, kuma ba ta san ta sassauta in layi ya kai iyaka ba. Dattawa suka ce in mayar da rediyona gida. Wani mai gyara a birni ya ce akwai na'urar zamani da ake sawa a madadin ramin faifan, ba ta lalacewa.

"To, Malam, a sa mana," na ce.

"Sai an kashe shi an buɗe cikinsa."

Na yi masa godiya na kashe wayata.

Har wani mai ɗakin haɗa waƙoƙi ya taɓa zuwa takanas daga birni, don ya ji labarin akwai irin wannan fiyanon a ƙauye. Ya shafa shi kamar mai taya doki. Ya ce yanzu neman su ake yi ido rufe, duk na'urorin zamani sun kasa kawo wannan kaushin. Ya danna bugun gangar mai nauyi, ya lumshe ido, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce in zai iya kai shi birni a kunne kuma ya dawo da shi duk ranar gayya, na ba shi kyauta. Ya ɗauka wasa nake yi.

Mutumin da na koya wa kuwa, tun tsawar nan ya janye jiki. Ya ce da can in an yi kuskure sai a sake zura faifai, yanzu kuwa kuskure ɗaya ne. Na bi gari kaf, ba wanda ya yarda ya riƙe ko na mako guda. Kowa yana son ganga, ba wanda yake so a ce a hannunsa ta mutu. Na ji haushinsu ƙwarai, har na yi wata guda ba na zama a dandali. Akwai ranakun da nake zama in zuba wa makunnin ido. Ɗan abu ne baƙi a baya, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Yatsa ɗaya ya isa, in ce batir ne ya ci amanata, in kama hanyar Dawanau.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma na lura kullum da safe, in ta share tsakar gida ta zo ƙofar ɗakina, takan duba ko ina nan. In ta ga kamar na fita, sai ta shiga ta ɗaga zanen, ta danna haƙorin farko na hagu sau ɗaya, a hankali. Muryar Baba ta fito ƙasa-ƙasa: na gaba ba ya waiwaye. Sai ta mayar da zanen ta ɗauki tsintsiyarta. Sau da yawa ina bayan rumbu ina ji.

Bana, gero yana fitar da kai, Kawu ya aiko. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, yana so ya damƙa rumfar a hannun na gida. In zan zo in zo yanzu a yi kakar nan da ni, in ba haka ba zai ba wani yaron kasuwa da ya daɗe yana yi masa hidima. Ya ce ba zai sake aikowa ba. A gaban Inna ɗan aiken ya faɗa.

Washegari da safe ina zaune a ɗaki ina goge kan batir, sai ta shigo, ta gan ni, ba ta juya ba. Ta ɗaga zanen. Ta danna haƙorin nan a gabana, wannan karon da ƙarfi, har muryar ta cika ɗakin. Ta tsaya sai da ta ƙare.

"Kai wannan," ta ce, "ni na shanya ta, ni zan ƙarasa ta. Ka ce tsohuwa ce ta yi, ta saba ɓarna. Su zage ni, zagi ba ya huda tsohuwar fata. Kai ka tafi wurin kawunka."

Ta miƙa hannu bayan fiyanon, kai tsaye, ba lalube. Ashe ta daɗe da sanin inda makunnin yake.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai dai na ga hannuna a kan wuyan hannunta, na riƙe gam. Rabon da in taɓa hannun Inna tun ina yaro, ban san ya zama ƙashi da fata haka ba. Shekara da shekaru ina cewa gari ne ya ɗaure ni, ga shi an zo kwance ni, rijiya ta bayar, guga ya hana.

"Sake ni," ta ce.

"Inna, ki bari sai bayan girbi."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Haka ka ce wa kawunka bara."

Ban sake ta ba sai da na ji yatsunta sun saki. Ta gyara mayafinta ta fita, ta bar tsintsiyar a ƙofa. Na mayar da zanen, na bar ɗan gefe a buɗe yadda zan riƙa ganin koren hasken daga tsakar gida. Hadari yana haɗowa ta gabas, batir ɗaya ya yi ƙasa. Na ɗaure shi a bayan babur na kama hanyar Bici, don in dawo kafin ɗayan ya gaji.